Ba a Shan Ruwa a Gaban Auta

A gidanmu ba a shan ruwa a gaban Auta. Ba wanda ya kafa dokar, ba a kuma taɓa zama an yi shawara a kanta ba. Tun ranar da likita ya ce ƙodojinsa duka biyun sun daina aiki, ya nuna masa ɗan abin da aka yarda ya sha a yini, sai kowa ya shiga taitayinsa. Matarsa takan shiga kicin ta turo ƙofa sannan ta sha. Ni da nake zaune daban, idan na je gidansa nakan bar gorata a cikin jaka, ko da maƙogwarona zai tsage. Baƙo ma a bakin ƙofa ake tarbarsa da kofi, ya shanye kafin ya shigo falo.

Auta ƙanena ne, mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari. Ni na goye shi, ni na kai shi makaranta, ni na je na yi faɗa da ogansa lokacin da yake koyon sana'a. Yanzu ya haura talatin, yana da mata da 'ya guda, amma har gobe Auta nake ce masa, shi kuma ya ce Yaya. Gyaran firij yake yi kafin ciwon ya zaunar da shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sa ruwan mutane ya yi sanyi, sai ga shi yana tsotsar ɗan gutsuren ƙanƙara yana lumshe ido don kada ta ƙare da wuri.

Ni guga nake yi a shagon wanki. Daga safe zuwa yamma ina tsaye a gaban tebur, tururi na dukan fuskata, rigunan mutane na wucewa ta hannuna. Sau uku a mako nake neman izinin mai shagon in kai Auta wankin ƙoda. Na je an gwada ni ko zan iya ba shi ƙodata guda, aka ce jininmu bai dace ba. Na yi wa likitan masifa kamar shi ya haɗa jinin, ya bar ni na gama, ya miƙo min takardar goge fuska. Daga ranar ba abin da ya rage min sai ɗaukar jakar bargo da jiran tasi.

Wata rana muna dawowa daga asibiti, ya jingina kansa da gilashin motar, ya ce, "Yaya, na gaji fa."

"To ka kwanta idan mun je gida."

"Ba wannan gajiyar ba. Wankin nake nufi. Ina ganin zan bari haka nan."

Na san abin da barin yake nufi, shi ma ya sani, direban ma da ya rage sautin rediyo ya sani. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na ambaci 'yarsa, na ambaci mahaifiyarmu. Ya yi min kunnen uwar shegu yana kallon shaguna suna wucewa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, domin Auta idan ya yi shiru ya riga ya gama shawara.

Duk da haka ya je wankin da ya biyo baya, don dai in ƙyale shi. A ranar ne babbar nas ta sashen ta tare ni a baranda. Wata 'yar gajeriya ce, siririya, ta ba hamsin baya amma tana hawa bene kamar ana binta. Ta ce za a yi gudun fanfalaki a gari, rabin zango, kilomita ashirin da ɗaya, kuma sashensu yana neman dangin marasa lafiya su shiga. Duk wanda ya shiga mutane za su ba da gudummawa da sunansa, a tara a ƙaro injin wanki, don a daina mai da mutane gida saboda layi.

Auta yana kwance a kujerarsa, bututai biyu a hannu, jininsa na zagayawa cikin injin. Da muka shigo ya ji zancen, sai ya fashe da dariya har injin ya yi ƙara. Rabona da jin dariyarsa na manta.

"Yaya ce za ta yi gudu? Matar da bas ke tafiya ta bar ta tana ɗaga masa hannu?"

"Rufe min baki. Kai ka taɓa ganin na fara abu ban gama ba?"

"Wallahi idan kika ƙarasa gudun nan da ƙafarki, ni kuma zan yi ta wankin nan har injin ya gaji da ni."

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

Na juya na ce wa babbar nas ta rubuta sunana. Ba don injin da za a saya ba, Allah ya gani. Na samu abin da zan yi da jikina ne, bayan an ce min jikin nawa ba shi da amfani gare shi.

Ranar farko da na fita, daga ƙofar gidana zuwa gidan mai kawai na iya kaiwa. Na rungume turken fitila ina haki, masu shara suka tsaya suna tambayata ko wani ne ya biyo ni. Kambas ɗin da na saya a gwanjo ya ci min diddige. Cinyoyina suka saɓule har sai da na koyi shafa basilin kafin in fita. Akwai wani kare a layin masu katako da ya ɗauki abin da zafi, kullum sai ya raka ni har kwana yana haushi, kuma in faɗi gaskiya shi ya fara koya min sauri. Daga can in yi wanka in wuce shago, in tsaya a kan guga da ƙafafu kamar na aro. Mai shagon ya ce shi zai ba da tasa gudummawar ko da rarrafe na ƙarasa, don dai ya samu labarin ba jikokinsa.

Ran Lahadi babbar nas takan tara mu a filin wata makaranta. Mu kusan goma ne, akwai mai mata a kan injin, akwai mai uba, akwai wanda nasa ya riga ya rasu amma bai iya daina zuwa ba. Ba ma yawan hira. Ita ce ke gaba tana waiwayowa tana yi mana tsawa a kan numfashi da yadda ake ajiye ƙafa. Abu ɗaya take nanatawa har ya gundure mu.

"Ranar gudu za ku ga teburan ruwa a hanya. Duk wanda kuka gani ku sha, ko ba kwa jin ƙishi. Kada wanda ya ce min zai jira na gaba. Kun ji ni?"

Mukan ce mun ji. Ni har dariya abin yake ba ni, domin a shago nakan shanye gora uku kafin azahar. Wa zai koya min shan ruwa?

A hankali gidan mai ya zama kusa. Na wuce shi, na wuce kasuwar kayan gini, na fara kaiwa gadar jirgin ƙasa in dawo. Farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita. Auta kuwa bai sake fashin wanki ba. Da na shigo zai ce, "Yau ina aka kai, gwanar gudu?" In faɗa masa, ya ce ƙarya nake yi, babur na hau. Wani lokacin ina gudu da sassafe, ƙirjina na zafi, sai in riƙa ji kamar ƙafafuna ne ke juya injin nan. Na san shirme ne, amma da shi nake tashi daga kan katifa.

Ranar ta zo. Aka tara mu a babban titi da aka rufe, mutane ba iyaka, kowa da lamba manne a ƙirji. Akwai masu jiki kamar sanda da ke tsalle-tsalle a gaba, akwai irinmu a baya muna gyara ɗaurin takalmi a karo na biyar. Babbar nas ta matse kafaɗata, ta ce mu haɗu a ƙarshe. Ta nuna min wata farar bas da ke can bayan kowa, ta ce aikinta kwashe waɗanda lokaci ya ƙure musu, in yi ƙoƙari kada in ji ƙarar injinta.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Gari da sanyi-sanyi, mutane a bakin titi suna tafi, ni ma har na ɗaga wa wasu hannu kamar sun san ni. Teburin farko na same shi cike, ana ture-ture, kofuna a ƙasa ana takawa ana zamewa. Ban ji ƙishi ba, kuma ba na son in tsaya a ture ni in faɗi tun ba a je ko'ina ba. Na ce bari in sha a na gaba.

Na gaban yana bakin shataletale, ƙarƙashin wata babbar bishiya. Rana ta riga ta ɗago, rigata ta jiƙe sharkaf. Tun daga nesa na hango 'yan matan da ke miƙa kofuna, na karkata wajensu, na miƙa hannu. Sai na ji an ce, "Yaya!"

Auta ne. Yana zaune a farar kujerar roba dab da teburin, da hularsa, matarsa tsaye a kansa da lema. Ashe maƙwabcinsu mai mota ne ya kawo su ta layukan baya, kuma duk titin ba inda ke da inuwa da kujera sai wajen masu ruwa. Yana murmushi, yana buga cinyarsa da hannun da ba a soka wa allurar wanki. Na ga leɓɓansa a bushe, sun yi fari-fari sun tsattsage, kamar kullum.

Ban yi tunani ba. Da na yi tunani da wataƙila na sha. Hannun da na miƙa wa kofin ne kawai ya ɗaga sama da kansa ya koma gaisuwa, ƙafafuna suka wuce. Yarinyar ta bi ni da kofin taku biyu, ta haƙura ta ba na bayana.

Na ce wa kaina ba komai, akwai wani a gaba. Titin ya miƙe ba bishiya ko ɗaya, kwalta ta fara mai da zafi. Harshena ya yi kauri a bakina. Na riƙa lissafa shagunan da na sani don in manta, mai sayar da tayoyi, mai katifu, wani banki da aka rufe. Can na hango tebur na uku, na kuma hango lemar.

Sun sake zagayowa ta baya sun riga ni. Wannan karon har ya miƙe tsaye, matarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Mutumin da ba ya iya hawa benen gidansa sai ya huta a tsakiya, ya bi ni rabin gari cikin rana don ya ƙarfafa min gwiwa. Yaya za a yi in tsaya a gabansa in ɗaga kofi, ruwa na zuba ta gefen bakina, wasu ma na kwara shi a kai suna zubarwa a ƙasa? Matarsa ta gane. Ta bayan kafaɗarsa ta riƙa yi min alama da hannu, tana kai shi baki, idonta a waje. Na girgiza mata kai, na yi wa Auta murmushin da ban san yadda ya fito ba, na wuce.

Bayan nan abubuwa suka fara canzawa. Zufar ta tsaya. Na ji sanyi yana bin bayana alhali rana na tsakiyar kai. Mutanen da na wuce ɗazu suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har da wani dattijo mai tafiya da sauri ba gudu ba. Ƙwaurina na dama ya ɗaure, na ja shi. Na yi alkawari a raina cewa tebur na gaba ko waye a wurin sai na sha, ko da zan juya masa baya.

Ba kowa nawa a tebur na huɗu, sun wuce wajen ƙarshe su jira ni. Amma na makara. Samarin suna naɗe rumfa, tebur ɗaya an riga an kife shi a mota. Na ce ruwa, muryar ba ta fito ba, sai na nuna bakina. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga jarka ya girgiza, ya duba kwalayen da ke ƙasa, ya ce min wallahi ya ƙare, amma akwai a gaba kaɗan. A lokacin ne na ji ƙarar injin bas ɗin a bayana, a hankali, ba ta gaggawa.

Na ci gaba. Ban san ko gudu nake yi ko tafiya ba. Na tuna wani allo da ya nuna saura kilomita huɗu, na tuna na yi murna, na ce ai daga gidana zuwa kasuwar kayan gini ne. Daga nan sai na ga kwalta a gefen fuskata, da takalman mutane. Wani yana cewa a ɗaga ƙafafunta. Na dafe lambar da ke ƙirjina da hannu biyu ina ce musu kada su cire, zan tashi yanzu, hutawa kawai nake yi. Na yunƙura, gwiwoyin suka ƙi. Na roƙe su su bar ni in rarrafa. Suka ɗauke ni kamar buhun wanki suka sa a mota.

Na dawo hayyacina a wata rumfa, a kan gadon tafi-da-gidanka, an sa min ƙarin ruwa a hannu. Daga waje ana ta kiɗa, ana kiran lambobin waɗanda suka iso. Babbar nas ta leƙo da lambar yabonta a wuya, ta duba ledar ruwan, ta dube ni, ta buɗe baki za ta yi faɗa. Sai ta kalli gefena ta fasa, ta fita.

Auta ne zaune a gefen. Ba murmushi a fuskarsa.

"Teburi nawa kika wuce ba ki sha ba?"

"Cunkoso ne ya yi yawa."

"Yaya, ina wurin. Ta gaya min ma." Ya nuna matarsa da haɓa, tana tsaye a bakin rumfar ta sunkuyar da kai.

Ya sunkuya ya ɗauko gorar ruwa daga cikin bokitin ƙanƙara da ke ƙasa. Ya murɗe murfin da ƙyar, ya miƙo min. Raɓa na gangarowa a jikinta tana jiƙa masa yatsu.

"Sha."

"Bari sai an jima. Ga shi ana ƙara min."

"Ki sha ina kallo."

Na karɓa. Na so in kurɓa kaɗan in ajiye, amma da ruwan ya taɓa harshena jikina ya ƙwace. Na riƙa kwankwaɗa, ana jin ƙarar maƙogwarona, yana zuba a wuyana, ina kuka ina sha. Bai kau da kai ba. Na ga maƙogwaronsa yana motsi tare da nawa har gorar ta ƙare.

"Kin ga abin da na gaji da shi," in ji shi a hankali. "Allurar ba komai ba ce. Rannan na shiga kicin na tarar da 'yata a bayan ƙofa tana shan ruwa da sauri, da ta gan ni ta ɓoye kofin a bayanta. Shekararta biyar. Wa ya koya mata? Yau kuma ke, saura kaɗan ki mutu a kan titi da ruwa a gabanki."

"Za mu daina. Daga yau kowa zai sha a gabanka."

"Za ku sha kuna kallon fuskata."

Na ce, "Saura huɗu fa kawai, Auta. Akwai wani gudun nan da 'yan watanni, babbar nas ta faɗa. Ka ba ni zuwa lokacin."

"Yaya, wasa nake yi ranar. Ke kika mai da shi alkawari, ni kuma na ga kina murna na ƙyale ki."

"To gobe fa? Gobe akwai wanki."

Ya karɓi gorar da ba komai, ya mai da murfinta, ya riƙe ta a cinyarsa. Matarsa ta zo ta ce rana ta yi masa yawa, su tafi gida.

Washegari na tashi jikina kamar an yi min duka. Na kira tasin da ya saba ɗaukarmu, na ce ya jira a ƙasa, na hau benen gidan Auta ina riƙe da bango. Na same shi a falo da kayan barcinsa. Jakar bargon tana rataye a bayan ƙofa, ba a taɓa ta ba. Matarsa na zaune a hannun kujera, idanunta sun kumbura. A kan tebur ga jug cike da ruwa da kofuna, an ajiye a fili, ba wanda ya zuba.

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Me kake so in yi?" na ce. "Faɗa min ko mene ne."

"Ba komai, Yaya. Ba abin da za ki yi. Zo ki zauna kusa da ni."

Na zauna. Ya ɗora kansa a kafaɗata, ba nauyi ko kaɗan. Daga ƙasa direban ya danna oda, ya jira, ya sake dannawa.

"Je ki sallame shi," in ji Auta. "Kada mu ɓata masa safiya."

Na dubi matarsa, ta dubi ƙasa. Na miƙe. Ƙafafuna ba sa lanƙwasuwa, sai da baya-baya na sauka benen, ina dafa kowace matakala. Direban ya sauke gilashi, ya leƙa bayana ya ga ba kowa.

"Yau ba za a je ba ne, Yaya?"

Na riƙe ƙofar motar da hannu biyu.

"Ka ɗan ƙara jira," na ce.